Shekarar da Aka Shimfiɗa Mana Kafet

Lamba biyar na buga, kuma duk wanda ya taɓa tsaron baya ya san rabin aikinmu a ƙasa muke yin sa. Ka zube ka share ƙwallo daga ƙafar mutum, ka miƙe ka kakkaɓe wando, ka koma wurinka. Saboda haka na san ƙasar fili da fatar jikina, ba da ido kaɗai ba. Idan samari suka kaure da gardama a gidan kallo kan ciyawa ta fi ko kafet, wato ciyawar roba, ya fi, kowa yana kawo misalin filayen Turai da bai taɓa takawa ba, ni dai sai in ci gaba da kallona.

Kamfanin da na yi wa aiki a Sharada yake. Buta da bokiti da kujerun roba muke yi. A lokacin ina zaune a Panshekara, kullum a keke nake zuwa. A bayan ginin injina akwai wani makeken fili da Alhaji mai kamfanin ya saya da niyyar ƙara gini, ginin bai yiwu ba, sai ma'aikata suka mai da shi wurin buga ƙwallo bayan an tashi. Da muka fara, jar ƙasa ce da tsakuwa da ƙarangiya. Kana faɗuwa sai an zauna an cire maka ƙaya.

Ciyawar da ta zo daga baya, mu muka dasa ta da hannunmu. Ranakun Lahadi a farkon damina sai mu ari motar ɗaukar kaya ta kamfani, mu gangara bakin kogin Challawa, mu sassaro kiri-kiri da saiwarta da ƙasarta, mu zo mu jera. Kocinmu shi ke ja mana igiya yana nuna inda za a sa. Dattijo ne mai gyaran lantarki a kamfanin, ya buga ƙwallo tun zamanin da masaƙun Bompai ke da ƙungiyoyinsu, kuma kowa Baba yake ce masa. Taki muna roƙa a wurin masu shanu. Ruwa daga bohol ɗin kamfani, da wani dogon tiyo mai faci ko'ina, sai mutum uku sun kama kafin ya jawu.

Ba zan ce filin ya yi kyau irin na talabijin ba. Bakin raga kullum sanƙo ne. In ruwa ya yi yawa tsakiyar fili ta zama caɓi, ƙwallo ta faɗa ta tsaya cak kamar an kira ta. Da rani kuma ciyawar ta yi ja-ja, wani wurin ta mutu. Amma in ka faɗi a kai, ƙasa tana karɓar ka. In ƙusoshin takalminka suka nutse ka juya da ƙarfi, ciyawar ce ke tugewa, ta bar maka ƙafarka.

A kan wannan fili na san abokina. Daga wani ƙauye a Jigawa ya zo, aka ajiye shi a injin da ke kusa da nawa. Dogo ne siriri, ba ya son magana, sai ka yi wuni guda da shi ba ka ji muryarsa ba in ba sallama ba. Ranar da ya fara shigowa atisaye ko takalmi ba shi da shi, aro aka yi masa. Ni aka ce in riƙe shi. Ya taho da gudu, na shirya zan tare, sai ya tsaya a kan ƙafa ɗaya ya juya, na wuce ni kaɗai na je na zauna a ƙasa. Mutane suka kwashe da dariya. Ya dawo ya miƙo mini hannu ya ce, "Yi haƙuri, Malam." Daga ranar Baba ya ba shi riga mai lamba tara, mu kuma muka daina kiran sunansa, sai Lamba Tara. Mun yi zaman ɗaki ɗaya kafin ya yi aure ya koma Dorayi.

Da shi muka ci gasar kamfanoni. Alhaji ya ji daɗi ya yi mana rajista a gasar jiha, muka yi ta hawa, har muka shiga rukunin ƙwararru, na ƙasa-ƙasa dai, amma na ƙwararru. Aka ɗauke mu daga kan injina, ƙwallo ta zama ita ce aikinmu. Aka kewaye filin, aka kafa benci na ƙarfe. Ranar wasa mutanen Sharada da Dorayi da Kumbotso su cika wurin, masu rake da masu awara su yi ciniki.

Ana cikin haka jikin Alhaji ya yi rauni, ɗansa da ya yi karatu a waje ya karɓi ragamar kamfani da ƙungiyar gaba ɗaya. Ba mugun mutum ba ne, kuma yana son ƙwallo da gaske, ya fi mu sanin sunayen 'yan wasan duniya. Wata safiya bayan atisaye ya tara mu a gindin darbejiyar da ke gefen fili.

Ya ce, "Masu duba filaye sun zo. Sun ce ko mu gyara wannan wuri, ko mu koma wani gari mu riƙa buga wasanninmu na gida. Ni kuma na duba, babu wuta, gas ya yi tsada, injina na tsayawa, amma ana ta da janareta don a shayar da ciyawa. Kafet zan shimfiɗa muku. Ba ruwa, ba taki, ba yanka. Damina da rani duk ɗaya."

Wasu daga cikinmu suka tafa. Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Yallaɓai, da za ku bar mana damina ɗaya. Mu cike ramukan, mu sake dasa bakin raga, a haƙa magudana a tsakiya. In masu dubawa suka dawo ba su gamsu ba, sai ku yi abin da kuka ga dama."

"Baba, damina nawa kuka yi kuna cike ramukan nan? Manyan filaye ma yanzu kafet ne. Duniya ta ci gaba."

Sai muka ji muryar Lamba Tara daga baya, abin da ba mu saba ba.

"Yallaɓai, to da bazara fa? Roba ce, za ta ɗauki zafi."

Ɗan Alhaji ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba, irin ta wanda aka yi wa tambayar yara. Ya ce, "Kai da ka yi shekaru a gaban injin narka roba, kai ne za ka ji tsoron zafi?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Lamba Tara ya sunkuyar da kai.

Da aka tafi hutun kakar wasa, katafila ta shigo. Abin da muka yi shekaru muna dasawa, kafin azahar ta tattare shi gefe guda, tulin ƙasa da saiwoyi, tipa ta yi ta kwasa tana fita da shi. Baba bai zo ba ranar, ya ce akwai aikin waya a sito. Aka zuba tsakuwa aka daddanne, aka kawo kafet a nannaɗe kamar darduma, aka shimfiɗa, aka haɗa bakin da gam. Daga nan aka watsa yashi da wani baƙin gari na niƙaƙƙiyar taya a tsakanin gashin.

Gaskiya ya yi kyau. Kore shar daga wannan raga zuwa waccan, farin layi a miƙe kamar an ja da rula. Ni ma na tsaya a tsakiya aka ɗauke ni hoto. Watannin farko lokacin sanyi ne, muka ji daɗinsa. Ka buga ƙwallo ta tafi inda ka aike ta, ba ta yin tsalle a kan rami. Golanmu ya daina zagin ƙasa. Ko ruwa aka zuba masa, kafin a gama ɗaura takalmi ya tsane. Masu zuwa daga wasu jihohi suna shigowa suna cewa kai, kun more. Ɗan Alhaji yana zagayawa da baƙi yana nuna musu, mu ma muna jin kanmu.

Sai bazara ta shigo.

Ƙarfe huɗu ake take wasa. A wannan lokacin, bayan rana ta wuni tana dukan robar nan, in ka tsaya a bakin layi za ka ga iska tana rawa a samanta. Zafin ba daga sama kaɗai yake zuwa ba, ta tafin ƙafa yake shigowa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci yatsunka sun yi kamar ka taka garwashi. Muna fitowa, maimakon mu sha ruwan leda, sai mu fasa shi a cikin takalmi. Ga wari. Warin taya mai zafi, irin wanda muka baro a ɗakin injina muna murna mun rabu da shi, shi ne ya biyo mu fili.

Mu 'yan baya mun fi kowa shan wuya. Zubewar da na saba yi a kan ciyawa in tashi da ɗan koren tabo a wando, a nan in na yi sai fata ta tafi. Ba yanka ba ne, ƙuna ce, faffaɗa, daga cinya zuwa ƙugu. Ba ta zubar da jini sosai, sai dai ta yi ta tsattsafo ruwa, wando ya manne a kai, in za ka cire sai ka jiƙa shi tukuna. Zaman tahiya ya gagare ni, sai in miƙe ƙafa ɗaya kamar tsoho. Kafin wannan ya warke an sake wani wasan, ka sake zubewa a kan wurin. Matata ta gaji da share baƙin garin taya daga ɗaki, yana cikin safa, yana cikin gashi, har a shimfiɗa. Da safe kuma gwiwoyi da baya su riƙe, mutum yana da ƙuruciyarsa amma sai ya dafa bango zai miƙe.

Abin bai tsaya nan ba. Tunda kafet ba ya buƙatar hutu kamar ciyawa, sai aka fara ba da hayarsa. Da sassafe 'yan makaranta, da hantsi wata ƙungiya, da yamma in ba mu da wasa ma'aikatan banki da 'yan kasuwa. Har biki aka yi a kai, da rumfa da kujeru, ƙafafun ƙarfe suna nutsewa a ciki. Waɗanda suka shimfiɗa shi sun ce akwai injin da ake taje shi da shi, a riƙa ƙara masa yashi da garin taya. Ba a taɓa sayen injin ba. Gashin ya kwanta ya yi sulɓi a wani wuri, a wani wurin ya cure. Bakin da aka haɗa da gam ya fara ɗagawa. Baba ya samo gam na kamfani yana bi yana mannewa, rana ta sake ɗaga shi. Ya je ofis ya faɗa, aka ce an ji, za a duba.

A kakar ce wata babbar ƙungiya daga kudu ta aiko tana son Lamba Tara. Sun zo sun gan shi, an yi magana, an tsayar cewa in kaka ta ƙare zai tafi. Ya gaya mini a kan hanyarmu ta zuwa masallaci, a hankali, kamar mai ba da labarin wani. Matarsa ta haihu ba da daɗewa ba. Ya ce in ya tafi zai fara sa wa mahaifiyarsa kwano a ɗakinta, don duk damina sai an yi yaɓe.

Wasan gida ne, an dawo daga hutun rabin lokaci, babu wanda ya ci. Ɗan wasanmu na gefe ya turo masa ƙwallo a kusa da da'irar gola. Ina can baya, ina ganin komai. Ya taho da gudu, mai tsaron bayansu ya ja da baya yana jiran sa. Ya kafa ƙafar dama zai yi juyin nan nasa, wanda na gani ba adadi. Jikinsa ya juya. Takalmin bai juya ba.

Daga tsakiyar fili na ji ƙarar, kamar an karya ɗanyen rake. Ya faɗi bai ko yi birgima ba, ya kama ciyawar robar da hannu biyu yana ja. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar har masu rake a bakin ƙofa sun ji shi. Alƙalin wasa ya taho da gudu hannunsa a aljihu zai zaro kati, ya duba bai ga wanda zai ba ba. Mai tsaron bayan yana tsaye nesa da shi, ya ɗaga hannuwa sama yana rantsuwa bai taɓa shi ba. Kuma gaskiya ya faɗa, babu wanda ya taɓa shi.

Ni da golanmu muka ɗauke shi. Da muka ɗaga, bayansa ya yi zafi kamar an sauke shi daga kan tanda. Gwiwar ta riga ta fara kumbura. Yana ta cewa, "Mutumina, riƙe ƙafar, kada ta yi lilo."

A asibiti aka yi hoto. Likita ya ce ƙashi bai karye ba, jijiyoyin da ke riƙe gwiwa ne suka tsinke, sai an yi aiki, kuma ba kowane asibiti ke yin irinsa ba. Baba ya tambaye shi ko kafet ne ya jawo. Likitan ya ce yana iya yiwuwa, amma irin wannan rauni ana samun sa a kan ciyawa ma, shi ba zai iya rantsewa ba. Ban ga laifinsa ba, abin da ya sani ya faɗa. Sai dai rabin maganar nan na ƙarshe shi kaɗai ya isa ofis. Ɗan Alhaji ya zo dubiya da lemo da ayaba, ya biya abin da aka kashe a ranar, ya dafa kafaɗar Lamba Tara ya ce, "Ƙaddara ce. Likita ma ya ce ko a kan ciyawa hakan na faruwa. Za a yi aikin, in sha Allahu."

Aka ce sai kumburi ya sauka. Ya sauka, aka ce sai an gama kaka. Aka gama, aka ce kasuwa ta tsaya, a ƙara haƙuri. Ni da Baba muka yi ta sintiri a ƙofar ofis har maigadi ya fara jin kunyar haɗa ido da mu. Ƙungiyar kudu ta kira sau ɗaya ta yi masa sannu, ba ta sake kira ba. Da 'yan uwansa suka ga zaman ya yi yawa, suka zo suka kai shi wurin mai ɗori. Mai ɗori ya yi abin da ya iya, ya ja, ya ɗaure da kara kamar karaya. Da aka kwance, gwiwar ta sandare, ba ta lanƙwashewa sosai, kuma in ya taka ba daidai ba sai ta zame masa.

Aka mai da shi kan inji. Aikin inji kuwa tsayuwa ce daga shiga har fita. Na sha leƙawa in same shi ya jingina da buhun ƙwayar roba, ƙafar a miƙe, gumi yana zuba, yana cire bokiti daga bakin inji yana jerawa. Da aka zo rage ma'aikata, sunansa na cikin na farko. Ya kwashe matarsa da 'yarsa suka koma ƙauye. Ni na raka su tasha.

Ba tare da shi ba muka kasa cin ƙwallo. Kaka mai zuwa muka faɗo daga rukunin, ɗan Alhaji ya ce ƙungiya ta zama nauyi, ya sallame mu. Filin ya ci gaba da karɓar 'yan haya har kafet ɗin ya yayyage, masu haya suka koma wani sabo da aka buɗe a cikin gari. Daga baya aka ɓanɓare shi aka sayar gunduwa-gunduwa. Na ga wani yanki a ƙofar shagon aski, na ga wani a wurin mai shayi an ɗora benci a kai, da guntun farin layinsa. Abin da ya rage a bayan kamfani dandaɓaɓɓiyar tsakuwa ce. An kwashe ƙasar kirki tun ranar katafila, ko da damina babu abin da ke tsirowa. Yanzu tireloli ke kwana a wurin.

Baba ya rasu bayan 'yan shekaru. Ni kuma na koma tuƙa adaidaita sahu.

Bara Lamba Tara ya kira ni ya ce zai shigo Kano sayen kayan gyaran injin ban-ruwa, don yanzu noman rani yake yi, tumatir da albasa. Na je tasha na ɗauko shi. Ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fito masa a gemu. Da zai shiga adaidaita sai da ya sa hannu biyu ya ɗago ƙafar ya ajiye ta a ciki, ya zauna a karkace. Muka gama sayayya, muka ci shinkafa da wake a wata rumfa, ya tambayi iyalina, na tambayi nasa. Na gaya masa rasuwar Baba, ashe bai ji ba. Ya daɗe yana yi masa addu'a.

A hanyar komawa na bi ta Sharada, ban tambaye shi ba. Da muka doso katangar kamfanin na rage gudu.

Ya ce, "Kada ka tsaya."

Na ƙara mai muka wuce. Sai da muka yi nisa ya sake magana, yana kallon titi.

"Ka san wani ɗan siyasa ya yi wa samarin garinmu alkawarin fili? Irin wancan. Har an fara zuba tsakuwa a inda suke wasa, a bayan makaranta. Samarin sai murna suke yi. Suka zo har gona suka same ni, wai tunda ni ne na taɓa buga wa ƙungiyar ƙwararru, in zo ranar buɗewa in yi jawabi, in fara taɓa ƙwallo."

"Me ka ce musu?"

"Na ce su kawo ruwa da yawa ranar, su kuma sayi takalmi mai gajerun ƙusoshi. Suka yi dariya, suka ce mini, Baba, wannan na zamani ne, ba irin naku na da ba."

"To za ka je?"

"Na ce musu ƙafata ba za ta kai ni ba."

A tasha na sauke masa kayansa, na kai su har bayan mota. Ya roƙi direba ya bar masa kujerar gaba saboda ƙafar, direba ya ce an riga an kama. Ya shiga baya, wani fasinja ya matsa masa ya sami inda zai miƙe ta. Na tsaya har motar ta cika ta tashi, sannan na koma na ɗauki masu zuwa Dorayi.